Hayaƙin Inna

Daga Allah muke, kuma wurinsa ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Bana kiran ya zo kan uwar mijina, wadda duk Dingaya, babba da yaro, ke kira Inna. Ta cika da hantsi a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, rijiyoyi sun ja baya. A duk shekara babu lokacin da take tsoro kamarsa, kuma a cikinsa Allah ya ɗauke ta.

Kafin azahar gida ya cika. 'Yan'uwanta mata sun tako da ƙafa daga Zandam, mayafansu sun jiƙe da gumi. Ƙaninta, tsohon makiyayi wanda ba ya son shiga gari, ya zauna a zaure ya rungume sandarsa, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya gyaɗa kai kawai. Mutanen Sundimina sun zo a bayan motar kaya. Iyayena sun iso daga Birnin Kudu da yamma.

Washegari muna zaune a tsakar gida ana karɓar gaisuwa, rana ta cim mana, sai wata maƙwabciyarmu ta ɗaga tabarma za ta ja ta inuwa. A ƙarƙashinta akwai kunama, baƙa, ƙatuwa, 'ya'yanta farare cike da bayanta. Mata suka watse, masu goyo suka dafe bayansu. Abin da ba zan manta ba shi ne, babu wadda ta nemi sanda ko dutse. Dukkanmu ƙofar ɗakin Inna muka juya muka kalla, muna jira ta ɗaga asabari ta fito. Sai da muka ga asabarin bai motsa ba, sannan kukan da ake ta dannewa tun jiya ya ɓalle.

"Sun ji labari," in ji maƙwabciyar, tana nuna kunamar. "Wallahi sun ji an ce ba ta nan."

Matar liman ta tsawata mata. "Ki yi istigfari. Kunama halittar Allah ce, ba ta zuwa gaisuwa." Ta faɗi haka, amma na ga ta tattare zanenta ta naɗe ƙafafu, kuma da za ta tafi sai da ta bubbuga takalmanta a jikin bango. Ƙanwar mijina ce ta ɗauko taɓarya ta kashe kunamar, tana yi tana kuka.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maigidana ba ya iya magana a kanta. 'Ya'yana kuwa, in aka bar su, abin da za su riƙe game da kakarsu bai wuce warin man da take shafa musu suna gudu ba. Ni na ɗan yi boko a Birnin Kudu kafin aure, na kuma zauna da ita shekaru masu yawa a gida ɗaya. Na ga abubuwan da ba na so su bi ta ƙasa.

An kawo ni gidan nan jim kaɗan bayan samun mulkin kai. 'Yar ɗan kasuwa ce ni, na tashi a gida mai daɓen siminti, abin da na sani na ƙwari bai wuce sauro da ƙuda ba. Da safiyata ta farko na leƙo daga ɗaki zan zura takalmi, sai na ji an ce, "Tsaya." Inna ce, doguwa, siririya, tana tsaye da tsintsiya. Ba a saba suruka ta yi wa amarya magana da wuri haka ba, saboda haka na sunkuyar da kai. Ta sunkuya ta ɗauki takalman, ta kife su, ta buga su da juna. Babu abin da ya faɗo.

"Yau babu," ta ce. "Gobe ban sani ba."

Daga ranar na san tambayarta. In za ki ɗauki itace, "Kin duba?" In za ki sa hannu a tukunyar da ta kwana a kife, "Kin duba?" In za ki shimfiɗa wa yaro zane, "Kin duba?" Ba ta yarda a jingina tabarma a bango ta kwana ba. Ba ta yarda a tara ƙirare kusa da ɗaki ba. Duk wata tsaga da ta gani a gindin katanga sai ta kwaɓa ƙasa ta liƙe ta kafin rana ta faɗi. Na gaji. Da na je ganin gida na ce wa mahaifiyata tsohuwar nan ta ɗauka duk abin da ke tafiya a ƙasa ita yake nema. Mahaifiyata ta ce, "Ki bari ki ga bazararsu, sannan ki zo ki faɗa mini."

Na gani. Idan zafi ya kankama a Dingaya, ɗaki ba ya shiguwa, kowa sai ya fito da shimfiɗarsa waje, kuma lokacin ne duk abin da ke cikin rami shi ma yake fitowa neman sanyi. Kunama tana bin gindin randa. Shanshani yana faɗowa daga jinka. Kuɗin cizo yana fitowa daga gadon kara ya bar wa yaro jiki duk ƙuraje. Kaska tana cika kunnen tumaki har ta hau mutane. Da an yi yayyafin farko kuma sauro ya taso daga fadama, zazzaɓi ya biyo shi gida gida. A bazarata ta farko na ji kukan mutuwa daga gidaje da dama, mafi yawa na yara. Na daina ganin Inna a matsayin mai takura.

Iyayenta masu shanu ne, a rugar da ke bayan Zandam ta tashi. Can ta fara ganin yadda mahaifinta ke hura wuta a tsakiyar garke ya zuba ɗanyen ganye, shanu su matso da kansu su tsaya cikin hayaƙi don ƙudaje su sake su. Sauran kuma ta tattaro shi ne wurin tsofaffi, wani ta gwada da kanta. Tun daga kaka take shirin bazara. Tana yanko ɗoɗɗoya, wannan ganye mai ƙamshi da ke fitowa a bayan gida, da bunsurun fadama mai warin da ke hawa kai, ta ɗaure su dami-dami ta rataye a inuwa. Tana ɓamɓaro ɓawon itacen hano mai ƙamshi. In wani zai je kasuwar Gwaram sai ta ce ya roƙo mata ɓawon lemo wurin masu sayarwa, ta shanya shi har ya bushe ƙayau. Saiwar sanya kuwa, wadda macizai ba sa son warinta, da kanta take zuwa daji ta haƙo, ba ta aiken kowa, ta ce ba kowa ne ya san inda zai sa hannu ba.

Darbejiya baƙuwa ce a wurinta. Ta ce tana budurwa babu ita a ƙasarsu, daga baya aka zo ana dasa ta a bakin hanya. Ta daɗe tana zarginta. Sai ta lura gara ba ta cin itacenta, fara ma in ta sauka tana tsallake ta. "Abin da fara ta ƙi," ta ce, "akwai magana a jikinsa." Ta shiga tsince 'ya'yan da jemagu suka tsotse suka zubar, ta wanke, ta shanya, ta fasa, ta daka ƙwayar har ta yi laushi, sannan ta riƙa yayyafa ruwan ɗumi tana murzawa da hannu har mai ya fara tsattsafowa ta tsakanin yatsunta. Aikin wuni ne don ɗan abin da bai cika kwalba ba. Ta narkar da man kaɗanya a wuta marar ƙarfi, ta zuba ganyen ɗoɗɗoya da ɓawon lemo su saki ƙamshinsu a ciki, ta tace, ta haɗa da na darbejiyar. Wannan take shafa wa yara a ƙafa da hannu da bayan wuya. Ɗaci gare shi, warinsa kuma kamar tafarnuwar da ta kwana. Yara suna ganin ta ɗauko kwalbar sai su zura da gudu, ita kuma ta tsaya a ƙofar zaure ta ce, "Ku gudu. Yunwa za ta dawo da ku."

Da rana ta yi ja sai ta ɗebi garwashi a kasko, ta zuba ganye da ɓawo, ta bi ɗakunan gidanmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fita maƙwabta. Gidan da ke da mai jego ko marar lafiya shi take fara shiga. Ba ta zama, ba ta shan ruwan kowa. In aka ce, "Inna, an gode," sai ta ce, "Ku rufe randa," ta wuce.

Akwai wani tsoho makaho a ƙarshen unguwarmu, 'ya'yansa sun tafi Kano neman aiki lokacin da kowa ke tafiya. Kuɗin cizo ya cinye ɗakinsa har mai kai masa tuwo daga bakin ƙofa yake miƙawa. Wata rana Inna ta gan shi a zaune a rana yana susa har jini. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta fito da shi inuwa, ta ja gadonsa waje ta cinna masa wuta, ta tafasa ruwa ta kwarara a kowace tsaga ta bango, ta turara ɗakin ta rufe, ta sa maigidana ya ɗauko gadon da ke ɗakinta ya kai masa. Ita ta koma kwana a tabarma, ita da ba ta yarda ko jariri ya kwanta a ƙasa ba sai ta zagaye shi da toka. Tsohon ya ce, "Wace ce wannan?" Ta ce, "Miƙo hannunka in shafa maka, ka daina tambaya." Ta dawo gida jikinta duk cizo, ta tuɓe kayanta a bayan gida ta tafasa su.

Ba ta taɓa cewa tana warkarwa ba. In aka kawo mata wanda maciji ya sara, ko yaron da zazzaɓi ya sa yake fizge-fizge, ba ta ɓata lokaci. "Nawa na kora ne," take cewa. "Wanda ya riga ya shiga jiki ya fi ƙarfina. Ku nemi mota ku tafi asibiti." Na taɓa ganinta ta tsaya a tsakiyar hanya ta buɗe hannuwa ta tare babbar mota saboda ɗan wani.

Sau ɗaya na ga sun yi faɗa da ɗanta, kuma faɗan ya kusa ya zama sanadin abin da har yau ba na son tunawa.

Lokacin arzikin mai ya fara shigowa, maigidana ya samu tuƙin babbar mota tsakanin Kano da garuruwan gabas. Ya fara tara bulo da kwanon rufi a tsakar gida zai yi mana sabon ɗaki. Wata dawowa ya zo da gidan sauro da wani dogon gwangwani na maganin feshi. Gidan sauron Inna ta juya shi, ta ɗaga shi a rana, ta ce, "Wanda ya yi wannan yana da hankali." Amma da ya fesa maganin a kan kyankyaso, kyankyason ya kife nan take yana harba ƙafa, sai fuskarta ta canza.

"Abin da ya yi wa wannan haka, me zai yi wa ƙirjin jaririya?"

A lokacin ina da 'yar rarrafe, autata ta wancan lokaci, wadda Inna ke kira ƙawarta.

Maigidana ya gaji da hanya, bai auna maganarsa ba. Ya ce, "Inna, hayaƙin naki fa? Kullum yarinyar nan tari take kwana yi. Idanunta ja. Kina shigo mana da kasko muna ciki, ba ma iya cewa komai. Zamani ya wuce nan."

Ba ƙarya ya yi ba game da tarin, ni ma na sha lura. Amma a gaban mutane ya faɗa. Inna ta ninke gidan sauron ta miƙo mini, ta shiga ɗakinta. Daga ranar, in ta ɗauko kaskonta da yamma, sai ta bi kowane ɗaki, in ta zo namu ta rage tafiya kamar za ta tsaya, sannan ta wuce. Ina jin takunta. Ni kunya ta hana ni kiranta, shi kuma ya koma hanya.

Shekarar fari ce. Damina ta ƙi, bazarar da ta biyo baya kuma ba mu taɓa ganin irinta ba. Fadama ta tsattsage. Shanun dangin Inna suna faɗuwa a hanya. Namun daji da ba a saba gani ba suka riƙa shigowa gari neman ruwa.

Ranar kasuwar Gwaram ce, maza duk sun tafi, daga ni sai Inna a gidan. Bayan azahar yarinyar ta yi barci, na shimfiɗa ta a ɗakina kusa da randa, saboda nan ne kawai ƙasa ke da ɗan sanyi. Na duba wurin, Allah shaida na duba. Na fita bayan rumbu ina surfe. Can sai na ji kaji suna wani irin kuka, ba na shaho ba, wani kuka mai tsinkewa, sun kuma taru a gefe ɗaya sun miƙe wuya suna kallon ƙofata. Na ajiye taɓarya na nufi ɗakin. Na ɗaga asabari.

Gamsheƙa ce, baƙa wuluk, ta naɗe gindin randar inda ruwa ke tsattsafowa. Kanta yana kwance a kan jikinta. Tsakaninta da ƙafar 'yata bai fi tsawon hannuna ba.

Na buɗe baki, sai na ji hannu ya toshe shi, wani kuma ya damƙe wuyan hannuna kamar zai karya. Ban san lokacin da Inna ta iso bayana ba. Ta ja ni baya a hankali, ta sa bakinta a kunnena.

"Kada ki yi ihu. Kada ki shiga. Ruwa ta zo sha, ba 'yarki ta zo nema ba. In kika firgita ta, wanda ya fi kusa za ta sara."

"Inna, za ta farka," na ce. "Yanzu za ta farka."

"Na sani. Saurara. Ƙofar nan kaɗai ce hanyarta, mu ne muka tare. Naɗe asabarin sama, a hankali. Ki koma gefe ki lafe a bango. In yarinyar ta buɗe ido, kada ta gan ki."

"Kada ta gan ni?"

"In ta gan ki za ta rarrafo. Ta kanta za ta bi."

Ban taɓa jin umarni mai nauyin wannan ba. Na naɗe asabarin, na lafe a jikin bango inda nake iya hango ciki ta gefen ƙyaure. Inna ta ɗauko tulun ruwan da ya rage mana, ruwan da aka sha wuya kafin a samo, ta tsiyaye shi a ƙasa tun daga bakin ƙofa har zuwa magudanar da ke gindin katanga. Ta shiga ɗakinta ta fito da saiwar sanya da busasshen ganyen taba, ta ɗaure su da tsumma a bakin wani kara, ta diga mai, ta cusa a murhu har ya kama. Ta zagaya bayan ɗakina. Akwai 'yar taga a can, sama da randar kaɗan. Na ga karan ya leƙo ta tagar, ya sauko a bayan randa, hayaƙi mai kauri yana zubowa ƙasa.

Macijiyar ta motsa. Ta warware kaɗan, harshenta na fita yana komawa. Hayaƙin ya bazu, ya kai kan tabarma. 'Yata ta yi tari. Ta sake yi. Ta murza ido, ta juya, ta dafa ƙasa ta tashi zaune.

Gamsheƙar ta ɗago. Na ga wuyanta ya buɗe ya yi faɗi, kanta ya kai tsayin fuskar yarinyar, tana lilo. 'Yata ta kalle ta. Ta saba duk abin da ya motsa sai ta miƙa masa hannu, kuma na ga hannun ya fara tashi. Na cije gefen zanena. Ƙafafuna suna so su shiga, na riƙe ƙyauren da hannu biyu don in hana su.

Sai na ji muryar Inna daga taga, sassanya, irin wadda take yi mata wasa da ita kowace safiya.

"Ƙawata. Ƙawata, ga ni nan. Leƙo. Wa ya ɓuya? Wa ya ɓuya?"

Ta riƙa kaɗa harshe tana yin ƙarar da yarinyar ke so. 'Yata ta juya kai, ta ɗaga ido sama, ta ga fuskar kakarta a taga. Ta yi dariya. Inna ta ɓoye fuska, ta sake leƙowa. Yarinyar ta sake dariya, ta zauna daram tana jiran a sake. Daga inda nake ina ganin rabin fuskar Inna. Bakinta yana murmushi, hawaye yana bin kuncinta, karan kuma yana nan a hannunta bai motsa ba.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga wuyan macijiyar ya fara tsukewa. Ta sauke kai. Ta zare jikinta daga randar, ta nufo ƙofa, ta fito ta gabana, kusa da yatsun ƙafata har ina jin sautin cikinta a kan ƙasa. Ta bi jiƙaƙƙen wurin, amma ba ta shiga magudanar ba, sai ta karkata ta shige cikin tarin bulo.

Na faɗa ɗakin na suri 'yata na fito da ita, ina jujjuya ta, ina duba ƙafa da hannu da ciki, ita kuma ta fara kuka saboda yadda na matse ta. Na jira Inna ta zagayo. Ba ta zo ba. Na bi ta bayan ɗakin, na same ta zaune a ƙasa ta jingina da bango, jikinta duka yana ɓari kamar mai masassara. Karan ya ci wuta har ya kai hannunta. Yatsunta sun ƙone sun yi fari, ba ta saki ba sai da macijiyar ta fita.

Na durƙusa ina cewa sannu, ina neman abin da zan sa mata. Ta ce, "Bar shi. Zauna." Na zauna. Ta kalli yarinyar.

"Mijinki ba shi ne na fari ba. Akwai wani kafin shi, a ruga. Kamar wannan yake, ya fara zama. Bazara ce. Na dawo daga tatsa na tarar da irin abin da kika tarar. Ba wanda ya riƙe ni. Na yi ihu, na shiga da gudu. Kafin rana ta faɗi an rufe shi."

Ba ta faɗi sunansa ba, ban kuma tambaya ba. Mutanensu ba sa kiran sunan ɗan fari ko yana raye.

"Mutane suna cewa Inna ba ta tsoron komai," ta ce. "'Yar nan, duk ƙasar Gwaram babu wanda ya kai ni tsoro. Tun ranar ban sake barcin bazara ba. Duk abin da kika ga ina yi, tsoro ne."

Da maza suka dawo daga kasuwa aka rushe tarin bulon ɗaya bayan ɗaya, da sanduna a hannu. Ba a ga komai ba sai rami a gindin katanga. Aka toshe shi, amma babu wanda hankalinsa ya kwanta. Sauran bazarar nan a ɗakin Inna muka ƙare ta, ni da yaran. In kaza ta yi kuka sai in tashi in duba.

Maigidana ya dawo ya tarar da hannun mahaifiyarsa a naɗe. Da na ba shi labari ya je ƙofarta ya durƙusa. Na zaci za ta ce masa ya ga abin da ta faɗa. Ba ta ce ba.

"Tashi," ta ce. "Ba gwangwaninka ya kawo ta ba, ƙishirwa ce. Ko na turara ɗakin, da ta zo. Kuma maganar tari gaskiyarka ce, na ji yarinyar da kunnena. Amma fushi da na yi na wuce ƙofarku, wannan ban kyauta ba."

Daga nan ta sauya. Ta koma turara ɗakuna tun da sauran rana, babu kowa a ciki, a buɗe su sha iska kafin yara su shiga. Shi kuma in zai yi feshinsa sai ya fitar da randa da kwanuka, ya rufe ɗakin har warin ya tafi. Kowane jika ya samu gidan sauro, ita ce mai ɗinke shi in ya huje. Yatsun nan nata ba su sake miƙewa daidai ba, ni na karɓi murzar man, tana zaune tana cewa ruwan ya yi yawa.

Ciwon da ya tafi da ita bai daɗe ba. Ta kwanta da shigowar zafi, ta daina cin abinci, ta rame har ina iya ɗaga ta ni kaɗai. Hankalinta bai gushe ba. Ana saura kwana kaɗan, da rana tsaka, ina yi mata fifita, sai na ga tana kallon rufin ɗaki, leɓɓanta na motsi. Na ce, "Inna, ruwa?" Ta girgiza kai.

"Ina tunanin ɗakin can ne," ta ce. "Ba ni zan share shi ba. Ba ni zan liƙe tsagarsa ba. Haka za a shigar da ni a rufe, a tafi." Ta kamo hannuna da yatsunta masu tabo. "Ke da kika yi karatu, me ake kai wa mutum can?"

Na ce, "Inna, malamai sun ce babu abin da ke isa can sai aikin mutum da addu'ar waɗanda ya bari."

Ta ƙara damƙe hannuna.

"To, ki yi mini da yawa," ta ce. "Kin san ni da tsoro."

Na yi mata alkawari, kuma ni kaɗai ba zan isa ba. Duk wanda wannan rubutu ya zo hannunsa, ko ya san ta ko bai san ta ba, ina roƙonsa ya taya ni. Allah ya yalwata mata makwancinta, ya sanyaya shi, ya haskaka shi, ya nisanta ta da duk abin da ke cutarwa. Allah ya haɗa ta da ɗanta na fari. Allah ya ba ta barcin da ba ta samu a duniya ba.